Daga Fijo 404 zuwa maɓallin PWR: tarihin giyar a-kori-kura a ƙasar masara

1/ ZARE 🧵
Kaka ta kama, a-kori-kura sun fara jigila tsakanin gonaki da kasuwannin Dandume, Bakori da Funtua. A cikinsu yanzu ana ganin Hilux otomatik, amma direbobi da yawa D kawai suka sani. Su L, 2, S, PWR da ECO fa? Kowanne da tarihinsa. Ku biyo ni, zaren da ɗan tsawo.

2/ Ga abin da nake son nunawa. Ilimin da tsohon direba ke riƙe da shi a hannu da kunne, kamfanoni sun kwashe sun zuba wa kwamfuta. Ita kuwa ba ta ganin buhunan da ka lafta mata, ba ta hango taɓon da ke gaba. Maɓallan nan su ne bakin da za ka yi mata magana da shi.

3/ Mu fara da kayan kafin motar. Auduga ce ta fara ɗaga yankinmu. An kafa BCGA a Manchester ta Ingila a 1902 don nemo wa masaƙunsu auduga, ta zo ta gina wuraren gurza a Funtua da Malumfashi. Har gobe akwai unguwar da ake kira da sunanta a Funtua.

4/ Layin dogo ya taso daga Zariya, ya ratsa Funtua da Gusau, ya isa Kaura Namoda a 1929. Jirgi na kwashe dilar auduga zuwa teku. To amma daga gona zuwa fuloti fa? Jaki ne da raƙumi da kan mutum, daga baya amalanke. Wannan ɗan tazarar ta ƙauye zuwa kwalta ita ce a-kori-kura ta zo ta gada.

5/ Shekarar 1975 ta kawo abu biyu a tare. Na ɗaya, Shirin Raya Noma na Funtua da tallafin Bankin Duniya, lokacin muna cikin jihar da aka sa wa suna Kaduna daga baya, don sai 1987 aka ƙirƙiri Katsina. Funtua, Gusau da Gombe su ne ukun farko a Nijeriya baki ɗaya.

6/ Shirin ya yi hanyoyin burji, ya buɗe cibiyoyin sayar da taki, ya yaɗa ingantaccen irin masara kamar TZB da ya fito daga IITA ta Ibadan. Kafin nan masara abar bayan gida ce, a gasa a ci ɗanya. Bayan nan ta zama kayan buhu, kayan kasuwa. Buhu kuwa sai da abin ɗauka.

7/ Na biyu, a shekarar dai, kamfanin PAN ya fara haɗa motocin Peugeot a Kakuri, Kaduna. Fijo 404 a-kori-kura, sannan 504. Ga masara ta ƙaru, ga burji an yi, ga mota ana haɗawa a kusa da gida. Haka Fijo ta zama jakin zamani a Bakori, Kafur, Danja, Faskari da Kankara.

8/ Giyar 404 huɗu ce, sandarta a jikin sitiyari. Babu abin da motar ke yanke wa kanta. Direba ne zai hango hawa ya sauko giya ta biyu tun kafin ya iso. Shi ne zai ji injin ya fara nishi ya san lodi ya yi yawa. A gangara ya riƙe ta da giya, ya bar birki ya huta.

9/ Ba a aji ake koyon wannan ba. Yaron mota zai yi shekaru yana sa wejin taya, yana ɗaure lodi, yana sauraron kukan injin, kafin maigidansa ya ba shi sitiyari. Na taso ina jin tsofaffin direbobi na auna gwanintar mutum da yawan shekarun da kulocinsa ya yi bai ƙone ba.

10/ Yanzu mu tsallaka Amurka, don can otomatik ta fito. A 1939 General Motors ya fito da Hydra-Matic, aka sa ta a Oldsmobile ta 1940. Giya huɗu, babu fedar kuloci. Ita ce otomatik ta farko da aka ƙera da yawa aka sayar wa gama-garin mutane.

11/ Abin mamaki, ba ta da P. Jerinta N, Hi, Lo, R ne. In za ka ajiye mota sai ka kashe ta ka bar ta a R. Ku lura da Lo ɗin nan. Tun ranar farko injiniyoyi sun san akwai inda dole direba ya ce wa giyabos "tsaya ƙasa, kar ka hau". L ɗin motarka jikarta ce.

12/ Kuma Lo na maƙwabtaka da R, hannu ya ɗan zarce mota ta yi baya. Sai a ƙarshen shekarun 1960 dokar Amurka ta wajabta a sa N tsakanin giyar baya da ta gaba. Jerin P, R, N, D, L da muke gani kamar haka aka halicce shi, haɗurra ne suka gyara shi.

13/ A 1948 Buick ya kawo Dynaflow mai kwanbata. Ku riƙe wannan kalma, ita ce zuciyar maganar. Ka ɗauki fanka biyu suna kallon juna, ka kunna ɗaya, iskarta ta juya ɗayar. Kwanbata haka take, sai dai mai ne a madadin iska. Injin na juya ɗaya, mai na tura wadda ke haɗe da giya.

14/ Amfaninta: mota na tsaye a D injin bai mutu ba, kuma tana ƙara ƙarfin tashi. Illarta: fankar baya ba ta cim ma ta gaba, kullum akwai ɗan zamewa. Zamewar nan zafi take zama. Lodi ya ƙaru, zamewa ta ƙaru, man giya ya ɗau zafi. Zafi kuwa shi ne ajalin otomatik.

15/ A 1953 Ford ya fara sa otomatik a a-kori-kurarsa F-100 ga mai so. Wato lokacin da kakanninmu ke kai auduga fuloti a kan jaki, manomin Amurka ya fara ɗaukar kaya babu taka kuloci. A zamanin, matsin mai da gudun mota da nisan takun totur ne ke yanke lokacin canjin giya.

16/ Sai Oktoba 1973, ƙasashen Larabawa suka hana Amurka mai, farashi ya yi tashin gwauron zabo. Kun ga inda tarihi ya haɗa mu? Tsadar man da ta cika baitulmalin Nijeriya har aka yi ta rabon taki mai rahusa, ita ce ta sa Amurkawa suka fara ƙirga kowace lita.

17/ Daga nan aka yawaita abu biyu. Ɗaya, giyar sama wadda injin ke juyawa a hankali mota na gudu, ita ce O/D. Biyu, wani ƙaramin kuloci a cikin kwanbata da ke kulle fankokin nan su zama ɗaya idan an miƙe hanya. Zamewa ta tsaya, zafi ya ragu, mai ya yi auki.

18/ Amma an tsara giyar sama ne don mota marar kaya a shimfiɗaɗɗiyar kwalta. Da lodi, sai ta kasa ja, ta sauko, ta samu ƙarfi, ta koma sama, ta sake kasawa. Shi ya sa aka ƙara maɓallin O/D OFF a motoci masu giya huɗu. Magani ne na matsalar da maganin farko ya haifar.

19/ A 1981 Toyota ya sa giyabos mai kwamfuta a motar Crown, ya kira tsarin ECT. Tunda kwamfuta ce ke yanke hukunci yanzu, ana iya ba ta jadawali fiye da ɗaya: na lallaɓa mai, da na neman ƙarfi. Maɓallin ECT PWR da kuke gani a tsofaffin Toyota daga nan ya samo asali.

20/ A motocin 1999, General Motors ya sa maɓallin Tow/Haul a Silverado da Sierra, musamman don ja da ɗaukar kaya. Yana jinkirta hawa giya, yana sa canji ya shiga da ƙarfi babu jan ƙafa, yana rage hawa da sauka. Na baya-bayan nan har sukan sauko da giya da kansu in ka taka birki a gangara.

21/ Mu dawo gida. 1986, SAP. Naira ta faɗi, aka rushe hukumomin sayen amfanin gona har da ta auduga, sabuwar Fijo ta fi ƙarfin manomi. Sai 'yan Kwatano suka cike gurbin, ana shigo da su ta Maraɗi da Jibiya, har gwamnati ta hana shigo da mota ta iyakar ƙasa daga Janairu 2017.

22/ Ita kuwa Hilux tun 1968 aka fara ta a Japan. Samfurin 2004 da ake haɗawa a Tailan da Afirka ta Kudu shi ya mamaye Nijeriya: gwamnati, jami'an tsaro, ƙungiyoyin agaji. Yana da otomatik mai giya huɗu ko biyar. Samfurin 2015 ya zo da shida, da maɓallan PWR da ECO.

23/ A faɗi gaskiya, har yau manuwal da Canter su ke ɗaukar nauyin kaka a yankinmu. Amma otomatik na shigowa ta hannun manyan manoma, dillalan hatsi, da motocin da aka yi gwanjonsu. Takan iso hannu na uku ko na huɗu, littafinta ya ɓace tun tuni, babu wanda ya yi wa direba bayani.

24/ Nan gizo ke saƙa. Direban da ya goge a manuwal an ce masa otomatik ba ta son komai, "ka sa D ka ba ta wuta". Sai ya ajiye duk ilimin da ya gada daga 404, alhali motar na da ƙofofin da aka bar masa don ya shigar da wannan ilimin. Bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

25/ D: an tsara ta ta hau giyar sama da wuri don tattalin mai. A Hilux mai giya shida, a ta ɗaya injin na juyawa sau 3.6 kafin farfela ta juya sau 1. A ta huɗu, 1 da 1. A ta shida, 0.58 kacal. Wato ƙarfin ja a ta shida bai fi rabin na ta huɗu da yawa ba.

26/ Yanzu ka ɗora masara. Buhu 10 mai kilo 100 tan ɗaya kenan, kuma iyakar da aka tsara wa irin motar nan ke nan ko ƙasa da haka, har da nauyin mutanen da ke ciki. Kowa ya san ba a buhu 10 ake tsayawa ba. Babu maɓallin da zai gyara lodin da ya wuce ƙa'ida, wannan a sani.

27/ Ka taso daga wani ƙauye a Kafur, ka hau kwalta a Malumfashi, ka nufi Funtua ta Bakori. Ba duwatsu ne a hanyar ba, ƴan hawa da gangara ne marasa tsawo amma jere da juna. Irin hanyar da ke sa D ta yi ta kai-komo tsakanin 4, 5 da 6 kenan. Kowane canji, faiba na gogewa, mai na ƙara zafi.

28/ S: a Toyota, lambar da ke fitowa rufi ce. S4 na nufin "yi amfani da 1 zuwa 4, kar ka wuce". Motar za ta ci gaba da canza giya da kanta a ƙarƙashin wannan rufin. Da lodi a hanya mai hawa da sauka, S4 ke kashe kai-komon nan. A tsohuwa mai giya huɗu, 3 ko O/D OFF ke wannan aiki.

29/ Injin zai ɗan ƙara kuka, kar ka tsorata. Gara injin ya juya da sauri cikin sauƙi da ya yi ta nishi a giyar da ta fi ƙarfinsa. Tsohon direban 404 ba zai taɓa hawa tudu da lodi a giya ta huɗu ba. Hukuncin bai canza ba, sandar ce ta koma wani wuri.

30/ 2 da L, ko S2 da S1: na gangara mai tsanani ne da tafiyar wahainiya a burjin da ruwa ya cinye. Injin ke riƙe motar, birki ya samu sarari. Birkin da aka daɗe ana takawa da tan guda a baya yakan yi zafi ya daina kamawa. Amma ka rage gudu tukun kafin ka sauko giya.

31/ PWR: wallahi ba ya ƙara wa injin doki ko ɗaya. Yadda kwamfuta ke fassara takunka yake canzawa. Ka taɓa totur kaɗan ta amsa da yawa, ta sauko giya da wuri, ta daɗe kafin ta hau. Yana da amfani wajen tashi da kaya ko wuce tirela. A taɓo kuma zai iya sa taya ta yi ta juyawa a banza.

32/ ECO: kishiyar PWR. Totur ya yi sanyi, giya ta hau da wuri, har ƙarfin AC yakan ragu. Tun 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafin mai, kowa ya koma sonsa. Shekara 50 cif bayan 1973, mu ma mun fara ƙirga lita. Ka dawo fanko daga kasuwa, bismillah. Da buhuna a baya, kashe shi.

33/ Tow/Haul ba kasafai za ka gan shi a Hilux ɗinmu ba, sai a su Tundra, F-150 da Silverado da aka shigo da su daga Amurka. In motarka na da shi kuma ka yi lodi, danna shi, don ranar aka yi shi. In babu, S4 a miƙaƙƙiyar hanya da S2 a gangara su za su tsaya maka.

34/ H2, H4 da L4 kuma wani akwati ne daban a bayan giyabos, wanda direbobi ke kira ogzileri. L4 na ninka ƙarfi ta rage gudu, ta dace da fita daga fadama da kaya, kuma tana sauƙaƙa wa kwanbata. Sai an tsaya cak an sa N ake shigarta. Da ka hau busasshiyar kwalta, koma H2.

35/ Akwai ɗabi'u uku da muka gado daga manuwal da ke kashe otomatik. Ta ɗaya, sakin mota a N a gangara wai tattalin mai. Injin zamani na yanke mai da kansa in ka ɗaga ƙafa mota na cikin giya. A N kuwa yana ci gaba da sha, ga shi ka rasa riƙon injin. Asara biyu.

36/ Ta biyu, "a tura ta tashi". Hydra-Matic ta farko takan tashi da turi don tana da famfon mai na biyu a baya. Na yanzu ba su da shi. Injin ne ke juya famfon, in ya mutu mai ba ya zagayawa. Don haka jan ta da igiya tafiya mai nisa tayoyi a ƙasa ma ɓarna ne.

37/ Ta uku, mota ta kafe a laka, a yi ta buga D, R, D, R taya na juyawa da gudu. Mintuna kaɗan sun isa su dafa man giya. In fitilar A/T OIL TEMP ta kama, ka tsaya, ka sa P, ka bar injin a kunne yana aiki a hankali har ta mutu. Kashe injin na tsayar da zagayawar man da ke sanyaya shi.

38/ Sai maganar mai. Ba kowane jan mai ne man giyarka ba. Sababbin Toyota ATF WS suke sha, kuma da yawansu ba su da sandar duba mai, da ma'aunin zafi ake daidaita shi. Bakaniken da ya ƙware a Fijo gwani ne a fanninsa, amma wannan sai mai na'urar bincike.

39/ Me ya sa na damu? Giyabos ɗin otomatik ya ƙone a tsakiyar kaka, an tafi neman wani a Kano ko Kaduna, mota ta kwanta, masara na jibge a gona. Ga halin tsaro a ɓangaren Faskari, Sabuwa, Dandume da Kankara. Lalacewar mota a hanyar daji bayan la'asar ta wuce maganar kuɗi.

40/ Na kan ji ana gardama a majalisa: manuwal ko otomatik? A ganina an bar tambayar da ta fi muhimmanci. Tsarin yaron mota ya samar da direbobin da suka riƙe Fijo shekaru aru-aru. Wa ke koya wa na yanzu bambancin S4 da D? Ƙungiyoyin direbobi a tashoshinmu za su iya ɗaukar wannan.

41/ A taƙaice, don mai son ajiyewa:
Fanko a kwalta: D, ko ECO.
Lodi a hanya mai hawa da sauka: S4, 3 ko O/D OFF.
Gangara da kaya: 2 ko L.
Tashi ko wuce babbar mota: PWR.
Fadama da taɓo: L4, ƙafa a hankali.
Samfura sun bambanta, in ka samu littafin motarka shi ne gaba.

42/ In akwai tsohon direban 404 a unguwarku, ku zaunar da shi kusa da mai Hilux, ku nuna masa S da L. Ina tabbatar muku cikin minti biyar zai gane su, don aikin da hannunsa ya yi shekara da shekaru ne aka sa wa haruffa.

43/ Nan zan tsaya. Direbobi da kanikawan da ke nan, ku ƙara mana da abin da kuka gani a hanya, musamman masu bin Danja da Dayi. Ku tura wa mai mota da direbansa kafin lodin gobe. Allah Ya sa a kwashe amfani lafiya, Ya tsare hanya. 🙏🏾